AVC, shanyewar ɓarin jiki: abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa da abin da likita ke iya yi a sa'o'in farko

A asibitocin Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Burkina Faso da Kodebuwa, haruffa uku likita ke rubutawa a takardar majinyaci: AVC. A unguwannin Hausawa kuwa sunayen da yawa. Wasu su ce shanyewar ɓarin jiki, wasu mutuwar ɓarin jiki, wasu bugun jini, wasu kuma su ce iska ce ta buge shi. Sunan Hausa ya kama abin da ido ke gani, hannu da ƙafa sun saki. Na Faransanci, accident vasculaire cérébral, ya nuna inda ɓarnar take, wato jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa. Dangin da suka ɗauka ciwon a hannu yake, hannun za su yi ta gasawa da tausa, alhali can cikin kai ɓarna na ci gaba.

A duniya kimanin mutum miliyan 12 ne ciwon ke kamawa duk shekara, fiye da miliyan 6 kuma yana ajalinsu. A Afirka ta Yamma yana da kamanni nasa. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya da Kumasi, aka kuma wallafa a 2018, ya duba majinyata 2,118. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ma ba su kai 50 ba. Hawan jini shi ne kan gaba da nisa a cikin abubuwan da ke jawo ciwon. Sannan kashi 32 cikin 100 jijiya ce ta fashe musu, yayin da a Turai da Amurka wannan nau'in bai cika wuce kashi 15 ba.

Hanyoyi huɗu da shataletale

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Kuma ba ta da rumbu. Tsoka na iya jure ɗan lokaci ba jini, ita kuwa ƙwaƙwalwa abin da jini ya kawo yanzu shi take ci yanzu. Idan ya yanke ɗif, cikin ƴan mintoci ƙwayoyinta sun fara mutuwa.

Manyan jijiyoyi huɗu ke kai mata jini. Biyu suna hawa ta gaban wuya, dama da hagu, su ne waɗanda ake jin bugunsu idan aka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro; likitoci na kiransu karotid. Biyu kuma suna bi ta cikin ƙasusuwan wuya ta baya, su haɗe a gindin ƙwaƙwalwa su zama ɗaya. A ƙasan ƙwaƙwalwa dukkansu suna haɗuwa a wani zobe mai kama da shataletale, wanda ke ɗauke da sunan likitan Ingila Thomas Willis da ya bayyana shi a 1664. Amfanin zoben shi ne idan hanya ɗaya ta toshe, jini na iya zagayowa ta wata. Sai dai a jikin mutane da dama zoben bai cika ba, shi ya sa toshewa iri ɗaya kan kwantar da wani, wani kuwa da ƙyar a gane.

Daga zoben nan rassa ke tashi, kowane da yankin da yake shayarwa, kamar magudanan ruwa a lambu. Wanda ya fi yawan toshewa shi ne reshen tsakiya, wanda likitocin Faransanci ke kira artère sylvienne. Shi ke shayar da wuraren da ke juya fuska da hannu da magana. Reshen gaba ya fi kula da ƙafa, na baya kuma da gani. Jijiyoyin ƙeya su ke riƙe da daidaiton tafiya, haɗiya, numfashi da farkawa, don haka toshewarsu na iya yin kisa cikin sauri.

Umarnin motsi yana tsallakawa ne kafin ya sauka jiki: ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke juya ɓarin dama, na dama kuma ɓarin hagu. A wurin mafi yawan mutane cibiyar magana tana hagu. Likitan Faransa Paul Broca ne ya nuna haka tun daga 1861, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci a Paris da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya. Wannan ne ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye yakan rasa magana tare. Wanda na hagu ya shanye kuwa sau da yawa yana magana, amma yana iya mance ɓarin hagunsa gaba ɗaya, ya ci rabin tuwon da ke kwano ya bar rabi, ko ya musanta cewa akwai abin da ke damunsa.

Toshewa ko fashewa

Hanya biyu ce ke kawo ciwon. Ta farko, gudan jini ya toshe jijiya. Gudan na iya tasowa daga kitsen da ya taru a bangon jijiyar wuya, ko daga zuciya: bugun da ba ya tafiya daidai, lalacewar ƙofofin zuciya tun daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, ko raunin zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa. Hawan jini da ciwon suga kuma suna tsuke ƙananan jijiyoyin da ke can ciki har su rufe.

Ta biyu, jijiya ta fashe, jini ya malala ya danne naman ƙwaƙwalwa. Waɗancan ƙananan jijiyoyin da hawan jini ya gajiyar su ne suka fi fashewa. Akwai kuma fashewar wani ƙullutu a bangon jijiya, wanda ke zuwa da ciwon kai na farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, da sanƙarewar wuya.

Idan jijiya ta toshe, yankin ba ya mutuwa gaba ɗaya a lokaci guda. Tsakiyarsa kan mutu nan da nan. Kewayensa kuwa yana samun ɗan jini daga rassan maƙwabta, ya daina aiki amma yana da rai, kamar shukar da ta yi yaushi. Wannan kewayen ne likitoci ke kokawar cetowa, kuma kowace sa'a yana raguwa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a Amurka a 2006 ya nuna cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti.

Alamomin da ba a jira da su

Babbar alamar ciwon ita ce zuwansa kwatsam. Baki ya karkace, yawu na zuba ta gefe ɗaya. Hannu ko ƙafa ya yi nauyi ko ya mutu. Idan aka ce ya ɗaga hannu biyu, ɗaya ya sauko. Magana ta sarƙe, ko kalmomi su fito a hargitse, ko a yi masa magana bai fahimta ba. A ƙasashen Faransanci ana haddace su da kalmar VITE: fuska, rashin motsin gaɓa, matsalar magana, gaggawa. Akwai wasu alamun da aka fi raina su: ido ɗaya ya daina gani, gani biyu-biyu, jiri mai tsanani da tangaɗi kamar na maye.

Yawanci babu zafi, kuma wannan na cikin abin da ke yaudarar mutane. Haka nan labarin nan da aka saba ji, wai wane ya faɗi a bayan gida ya tashi da shanyewar jiki, an taka abin da ba a gani. Galibi ciwon ne ya kayar da shi, faɗuwar ta biyo baya. Da sassafe hawan jini ya fi tashi, kuma a lokacin ne ciwon ya fi aukuwa, daidai lokacin da ake kewayawa don alwala.

Wani lokaci alamomin kan zo su wuce cikin minti goma ko ashirin, mutum ya miƙe garau a yi hamdala. Likitoci na kiran wannan AIT, kuma gargaɗi ne: haɗarin babban ciwon ya fi yawa a kwana biyun da ke biye. Wanda hakan ta same shi asibiti ya kamata ya tafi a ranar.

Karkacewar baki kaɗai tana iya zama ciwon jijiyar fuska, wanda ba shi da haɗari sosai. A irin wannan, ɓarin fuskar duka ke mutuwa, ido ba ya rufuwa, goshi ba ya tattarewa. A AVC kuwa yawanci goshi na motsi. Amma wannan rarrabewar aikin likita ce.

Kafin a isa asibiti

Abu na farko da ake so dangi su riƙe shi ne lokaci. Likita zai tambayi yaushe aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, kuma a kan amsar nan magani ya rataya. "Bayan azahar" ba ta wadatar ba, a duba agogo ko waya. Wanda ya farka da ciwon, ana lissafi ne daga lokacin da ya kwanta, ko daga lokacin da aka gan shi ya tashi cikin dare lafiya.

Kada a ba shi komai ta baki. Kusan rabin masu wannan ciwo haɗiya na lalace musu a kwanakin farko, sai ruwa ko kunu ko rubutu ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, ya zama ciwon huhun da ke kashe da yawa daga cikin waɗanda AVC ɗin bai kashe ba. Addu'a da tofi ba su hana tafiya, ana iya yinsu a cikin mota. Ɗura kuwa haɗari ce. Kada a ba shi asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a sa masa ƙwayar saukar da hawan jini a ƙarƙashin harshe. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa a huda yatsu da allura a fitar da jini ba shi da tushe, haka ma ƙaho da tsaga. Idan hankalinsa ya gushe ko yana amai, a kwantar da shi a gefe, a sassauta masa tufafi, a tattara magungunan da yake sha a tafi da su.

Sai batun inda za a nufa. Ƙaramin asibitin unguwa na iya auna hawan jini da suga, amma ba zai iya faɗin nau'in ciwon ba. Inda ke da sikana ake so, ko da ya ɗan fi nisa. Akwai kuma al'adar da mazauna ƙetare suka sani: da zarar dattijo ya faɗi a Duwala ko Kwatano ko Abijan, sai a fara shawarar mayar da shi gida, Kano ko Maradi ko Damagaram. Niyyar mai kyau ce, amma kwana biyu a mota, cikin zafi, ba ruwa a jiki, ga jira a kan iyaka, yana cinye daidai lokacin da magani ke da amfani. Komawa gida na iya jira har likita ya ce jikin ya daidaita.

Harshe ma yana da nasa tasiri a nan. Likitan da ba ya jin Hausa, yana duba tsohuwar da ba ta jin Faransanci, zai yi wuya ya gane ko maganarta ta lalace. Ana buƙatar wani na gida mai jin harsunan biyu ya tsaya kusa, ya faɗa ƙarara cewa Hausarta ta canja, tana kiran cokali da sunan takalmi, ko tana maimaita kalma ɗaya. Tafinta mai kunya wanda ke gyara maganar majinyaci kafin ya fassara yana ɓoye wa likita alamar da ya fi nema.

Abin da ake yi a ɗakin gaggawa

Gwaji na farko ɗigon jini ne daga yatsa. Faɗuwar suga na iya kwaikwayon AVC tsaf, kuma tana warwarewa cikin mintoci idan aka sa sukari ta jijiya. Ana kuma tunanin farfaɗiya, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Likita zai gwada ƙarfin gaɓoɓi, gani, ji da magana, ya ba da maki a wani ma'auni mai tashi daga 0 zuwa 42. Za a ɗauki hoton bugun zuciya.

Amma duk ƙwarewar likita, ido da hannu ba sa tabbatar da toshewa ce ko fashewa. Sai sikana. Na'urar, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971, tana nuna jinin da ya zuba fari fat tun daga farko. Toshewa kuwa ba ta cika bayyana a sa'o'in farko ba. Nan ne dangi kan ruɗe, su ce an biya kuɗi masu yawa an ce hoto bai nuna komai ba. Hoton ya yi aikinsa, ya nuna babu zubar jini, wanda shi ne ke buɗe ƙofar magani. IRM ta fi gani, tana kama toshewa cikin mintoci, sai dai ta fi tsada da ƙaranci. Kuɗin sikana kan kai dubun-dubatar sefa, kuma a wurare da yawa sai an biya ake ɗauka. Sa'o'in da ake ɓatawa ana kiran ƴan uwa a waya suna daga cikin mafi tsada, abin da ya sa asusun gaggawa na unguwa ko na ƙungiyar ƴan kasuwa zai yi amfani matuƙa a nan.

Narkar da gudan, ko zaro shi

Idan toshewa ce kuma an iso da wuri, akwai allurar da ke narkar da gudan jini, mai suna alteplase. Gwajin da aka yi a Amurka a 1995 ya tabbatar da amfaninta cikin sa'a 3, wani na Turai a 2008 ya faɗaɗa zuwa sa'a 4 da rabi. Cikin mutum 100 da aka yi wa a sa'a ukun farko, ana samun ƙarin kimanin 10 da ke warkewa ba tare da wata nakasa ta a-zo-a-gani ba. Bayan sa'a uku ribar na raguwa zuwa kusan rabi. Tana da haɗarinta: a gwajin farko kimanin 6 cikin 100 sun samu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Don haka ba a yi wa wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko wanda ya taɓa zubar jini a kai, kuma sai awon jini ya sauka ƙasa da 18.5/11. Ga masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, wannan shi ne 185/110 a lissafin Najeriya da Gana, kamar yadda tansiyo 14/9 yake 140/90. Akwai kuma tenecteplase, wadda ake yi sau ɗaya, tana maye gurbinta a wurare da dama.

Idan babbar jijiya ce ta toshe, allura sau da yawa ba ta isa. Tun 2015, bayan gwaje-gwajen da na ƙasar Holan ya buɗe, ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a bi da shi har cikin kai ana kallo a allo, a zaro gudan. A waɗannan gwaje-gwajen kimanin 46 cikin 100 sun koma iya kula da kansu, a maimakon kimanin 27 ba tare da aikin ba. Ana yinsa cikin sa'a 6, kuma daga 2018 har zuwa sa'a 24 ga waɗanda hoto ya nuna akwai sauran abin ceto.

Gaskiyar magana, waɗannan biyun ba su isa ga mafi yawan mutanen yankin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alteplase cikin jerin muhimman magunguna a 2019, amma kudu da Sahara asibitoci kaɗan ne ke da ita, galibi a manyan birane, ga tsada, ga kuma majinyata na isowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan ya sa wasu ke cewa zuwa asibiti ɓata kuɗi ne. Lissafin bai goyi bayansu ba, domin mafi yawan rayukan da ake cetowa, kulawa mai sauƙi ce ke ceto su.

Kulawar kwanakin farko

Bayan sikana ta nuna babu jini, ana fara asfirin, miligiram 160 zuwa 300, cikin sa'a 48. Wanda aka yi wa allurar narkarwa sai ya jira sa'a 24. Ga ƙaramin AVC ko AIT ana haɗa shi da clopidogrel na kwana 21. Abin da kan ba dangi mamaki shi ne likita ya ga awo 19 ko 20 ya ƙi saukarwa. Da gangan ne. Jiki ne ke ƙara matsi don tura jini zuwa yankin da ya yi yaushi, saukar da shi da gaggawa na iya ƙarasa kashe wurin. A toshewa ba a cika taɓa shi a ranar farko ba sai ya haura 22/12.

A fashewa akasin haka ake yi. Ana saukar da awon sama zuwa kusan 14 ta jijiya, a tsanake, a dakatar da duk maganin tsinka jini, a warware aikinsa. Tiyata na ceton rai idan jinin ya taru a ƙeya, ko ruwa ya taru a kai. Wannan nau'in ya fi kisa, kimanin 4 cikin 10 ba sa wuce watan farko.

Ko wane nau'i ne, ana gwada haɗiya da ƙaramin cokali na ruwa, majinyaci na zaune, kafin a ba shi abinci. Idan ya ƙware ko muryarsa ta jiƙe, sai a sa bututu ta hanci. Dangi kan ƙi bututun, suna ganin alamar ƙarshe ce, alhali ga da yawa na ƴan kwanaki ko makonni ne. Ana sauke zazzaɓi, a daidaita suga, a riƙa juya shi duk sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya, kada kuma a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Kumburin ƙwaƙwalwa ya fi tsanani daga kwana na biyu zuwa na biyar, don haka wanda ya fara yawan barci ko amai a wannan tsakanin a sanar da ma'aikata nan take. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan jiki ya daidaita, a fara zaunar da shi da motsa gaɓoɓi kaɗan-kaɗan. An tabbatar cewa sashe na musamman mai ma'aikatan da suka saba da waɗannan matakai, wanda ake kira UNV a Faransanci, yana rage mutuwa da nakasa ko babu allura mai tsada.

Yara masu sikila

Ciwon bai tsaya ga manya ba. Cikin yara masu sikila nau'in SS, wadda takardun Faransanci ke kira drépanocytose, kimanin 1 cikin 10 na samun AVC kafin shekara 20 idan babu rigakafi, kuma ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 9. Yaron da ya fara jan ƙafa ba tare da ciwo ba, ko ya koma cin abinci da ɗaya hannun, ko maganarsa ta canja, gaggawa ce kamar ta babba. Maganinsa na farko ƙarin jini ne, an fi so a musanya, a cire mai sikila a sa lafiyayye har kason jinin sikila ya sauka ƙasa da 30 cikin 100. Akwai gwajin da ake yi ta gefen kai da na'urar sauti, mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ke gano yaran da ke cikin haɗari tun kafin su faɗi. Binciken da aka yi a Kano ya nuna cewa ƙwayar hydroxyurea, ko a ƙaramin ma'auni, tana kare irin waɗannan yara a wuraren da ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba.